Raki Mai Faten Kabewa ta Sparkbrook

Kowace Laraba da safe za ka ga Raki a Stratford Road, a birnin Birmingham, tana jan keken cefane daga wannan mai kayan miya zuwa wancan. Kabewa, doya, jan wake, attaruhu, madarar kwakwa. Nama ba ya shiga tukunyarta. Daga nan sai kicin ɗin wani coci, inda tsofaffin unguwa, yawancinsu 'yan asalin Jamaica, ke jiran abincin rana.

Ba da wannan girki ta tashi a Gombe ba. Mijinta Sanda ta biyo da ya zo karatu, ta samu aikin wanke-wanke a gidan da tsofaffin ke wuni. Kukun gidan, Celestina 'yar Jamaica, ita ta koya mata ital, girkin tsibirinsu na ganye da 'ya'yan gona zalla. Ranar da aka nuna mata callaloo, murmushi ta yi ta ce, "Anti, ai alayyahu ne."

Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukuma ta rufe gidan. A hunturun nan kuma Celestina ta samu shanyewar ɓarin jiki. Wata rana Raki ta haɗu da Baba Tomas, ɗaya daga cikin tsofaffin, a tashar bas. Dattijon da tun yana saurayi bai ci nama ba, ga shi riƙe da gwangwanayen nama da aka ba shi a food bank, inda ake raba wa mabuƙata abinci, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Zan ci gaba da dafa musu," ta ce wa Sanda.

"A ina? Ba kicin, ba albashi."

"Wuta kawai nake nema, sauran Allah zai kawo."

Ƙofa bayan ƙofa ta ƙwanƙwasa, ana ba ta haƙuri, har wani limamin coci ya miƙa mata makullin kicin ɗinsu. Masu shaguna suka yarda su riƙa ware mata kayan da suka kwana. Kwanon farko asibiti ta kai wa Celestina. Tsohuwar ta ɗanɗana, da ƙyar bakinta ya motsa: "Ƙara citta."

Ke ce wadda aka rufe wa ƙofa ba ki koma gida kin zauna ba, Raki. Ke ce kika ciyar da iyayen wasu kamar su suka haife ki, shekara da shekaru, ba wanda ya sa ki. Uwar tukunya, mun gode. Allah Ya saka miki da mafificin alheri.

Yanzu gwiwa ta gaza, likita ya hana ta doguwar tsayuwa. Da Baba Tomas ya tambaye ta wa zai karɓi ludayin, cewa ta yi, "Duk wanda ya zo, Baba. Ina zaune zan koya masa."

To, 'yan jami'a da iyayen gida na Birmingham, an riga an ajiye mata kujera kusa da murhu. Hannuwanku ake jira.