Akuya Mai Giɓi a Wuya

Duba ido ya kawo ni Kuala Lumpur, sati uku aka ce, sai korona ta rufe ƙofa da ni a ciki. Na zauna wurin 'yata a Setapak, hawa na sha huɗu, ba aikin fari balle na baƙi. Ita tana digiri na uku, wai a kan zane. Ni aji huɗu na yi a firamare, har yau ban ga abin da na rasa ba.

Babi ɗaya ya gagare ta. Sau biyu malamarta na dawo da shi, in ya dawo na uku ta yi asarar shekara. Maganar wasu Turawan da ce, masu zana dabba da layi ɗaya tak. Malamar ta ce sai ta kawo abin da ba a littafi ta kwaso ba.

Na leƙa kwamfutar. Kare, raƙumi, mujiya.

"Uwata, wannan tawada ce ta ƙare masa?"

"Baba, a gidan tarihi fa ake ajiye su."

"Ashe shekara talatin na yi ina sayar da kayan tarihi a kasuwar ƙauye."

Sana'ata zanen ƙwarya ce da wuƙa mai zafi. In ta sauka ba ta komawa baya, in ka ɗaga ta huce. Na jawo kwalin shinkafar da aka yi mana tapau, wato ƙunshin abincin saye, na ɗauki biro, na faro akuya daga wuya, na zagaya har na dawo wuyan, na tsaya ban haɗe ba.

Washegari aka zaunar da ni gaban kwamfuta don ganawa da malamar ta bidiyo, babbar riga a sama, zani a ƙasa. Malamar, 'yar ƙasar ce, ta ƙura wa akuyar ido, ta tambayi hikimar giɓin. 'Yata na tafinta.

Na ce ba hikima ba ce, tsoro ne. Wanda ya koya mini ya ce in ka haɗe wuya ka kammala halitta, gobe ƙiyama a ce hura mata rai. Mu ba ma ja da Mai Sama.

Malamar ta ce kakanta masassaƙi ne, shi ma saboda wannan tsoron cikin sassaƙen ganye yake ɓoye tsuntsayensa. Ta ce wa 'yata babin ke nan, boleh, wato ya yi, ta je ta rubuta.

Kwana tara 'yata ta yi tana yi mini tambayoyi tana rubutawa. Na amsa cikin haƙuri, ko da yake ɗalibar ba ta da saurin fahimta. Babin dai bai dawo ba.