Kawu Lucius da Fasassun Kofunan Kakanni

Kafin rana ta yi zafi, Lucius Chisolm ya riga ya jingine kekensa a bakin tsohuwar maƙabartar bayi ta tsibirinmu, a Karolina ta Kudu. Ba ya shiga da injin yankan ciyawa. A durƙushe yake cirewa da hannu, domin a nan babu dutse mai suna ko ɗaya. Kakanninmu da suka ƙare a gonakin shinkafar iyayengijinsu, abin da dangi suka iya yi musu shi ne su fasa kofi ko farantin da mamacin ya yi amfani da shi na ƙarshe a kan kabarinsa. Alamar ke nan, babu wata.

Shekarar da kamfanin da ya sayi filin maƙwabta ya turo ma'aikata su share wurin, wai taimako, Goggo Odessa mai sayar da kifi tana nan. Ta ce sun riga sun kwashe tangaran cikin buhuna, sai ga Lucius yana haki. Ya tare bayan motarsu.

Shugabansu ya ce, "Haba Baba, shara ce fa."

"Wannan sharar kakar kakata ce. Sauke ta a hankali, ɗana, kai ma kana da kaka."

Suka sauke. Waɗanda ya tuna wurinsu ya mayar. Sauran ya tara su a gindin itace, kuma har yau idan ya wuce nan sai ya cire hularsa. Abin yana cinsa, ba ya ɓoyewa.

Kai ne mai gadin marasa suna, Kawu. Kai ne ka san wanda ya mutu bawa da wanda ya ga ranar 'yanci ya ce duk da haka a kwantar da shi kusa da uwarsa.

Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi, a watan nan zai ajiye aikin, kuma ba wanda ya fito ya karɓa. Na tambaye shi ina matasa. Ya yi dariya.

"Wai aiki ya yi musu yawa. To su waɗannan da ke kwance, hutu ne ya kashe su?"

Mun gode, Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Ranar Asabar za a kawo shi bakin ƙofar maƙabartar a kan kujera. Jama'a, mu je tun yana iya nunawa da yatsa. Bayansa ba wanda zai bambance kabari da fili.