Irin gawon da na zubar a bayan danga

Shekarun baya, bayan farin nan da ya share dabbobin Adar, aka tura ni wani ƙauye a gefen Kalfu in kula da wurin renon itatuwa. Fitowata ke nan daga lakkwal, wato makaranta, ga kaki ya sha guga, ga biro a aljihu, ina jin duk Tawa babu mai ilimina. Mata ne ke cusa ƙasa a leda suna ban ruwa, ladansu tiyar hatsi kowace yamma. A lokacin, tiyar nan ita ce rai.

Cikinsu akwai wata tsohuwa da garkenta ya ƙare kaf, jikoki uku take ciyarwa da wannan tiya. Ita na ba ajiyar irin gawon da za mu shuka.

Wata safiya na zagaya bayan rumfa, na tarar ta sauke tukunyar ruwa mai tafasa ta juye wani kaso na irin a ciki. A shekarar mutane har 'ya'yan gawo suke dafawa su ci, don haka ban tsaya tambaya ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Haba Inna! Irin gwamnati za ki dafa ki ci?"

Ta ce, "Ɗana, ba ci za ni yi ba. Wanga iri ɓawonai tauri gare shi, ba ya hita sai ya ji zahi. Ko wutar daji ta lashe shi, ko ya bi ta cikin akuya. To awakin sun mutu, daji ko babu ciyawar da wuta za ta ci."

Wallahi dariya na yi. Na ce a wace lakkwal aka koya mata dafaffen iri yana tsira? Na kifar da tukunyar a bayan danga, na ce daga yau ba ta cikin aiki. Ba ta roƙe ni ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, matan duk suka sunkuyar da kai.

Na shuka sauran irin a bushe. Sati uku muna ban ruwa, sai ɗai-ɗai ke leƙowa. Bayan danga kuwa, inda ruwan da muke zubarwa ke gangarawa, tsiro ya fito shar kamar an shimfiɗa tabarma.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu na aiki, ya zo daga Tawa. Zamanin soja ne, ba a wasa da kayan gwamnati. Ya dubi ledojina ya ɓata rai, sannan ya hango bayan danga ya ce, "Yawwa! Wannan ka jiƙa shi a ruwan zafi ko? Haka ake yi."

Na ce, "E, ranka shi daɗe." Wannan e ɗin ya fi komai ci mini rai.

Washegari na ɗauki hatsi na nufi gidanta. Na tarar an toshe ƙofar da ƙaya. Maƙwabciyarta ta ce ta kwashi jikokin sun yi kudu, babu wanda ya san inda suka sauka.

Tsiron nan mun dasa shi, yau manyan itatuwa ne, awaki na kwana a gindinsu. Mutanen ƙauyen suna ce musu gawon malamin daji, wato ni. Duk wanda ya faɗa a gabana sai na gyara masa, in ce na wata tsohuwa ne. In ya tambayi sunanta sai kunya ta rufe ni, don ban taɓa tambayarta ba.