Farantin Kawu

Kawuna injiniya ne a wani kamfanin gas a Doha, kuma a duniya ba abin da ya raina kamar kayan Caina. In cajar waya ta mutu, Caina ce. Da zai samu hanya, zafin watan Yuli ma su zai ɗora wa.

Shekarar da na zo karatu, a gidansa na unguwar Bin Omran na sauka. A bangon falo akwai wani farantin tangaran fari mai zanen inabi shuɗi, tsarabarsa ta Turkiyya. Ba a cin abinci a ciki, ba a taɓa shi. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha lacca kafin a ba shi ruwa.

"Kun ga aikin Turkawa? Ba su kwaikwayi kowa ba."

Wata Asabar ya kwashe mu, ni da matarsa da abokan aikinsa biyu, zuwa gidan kayan tarihi, wai mu waye. Muna shiga ya hango wani faranti cikin gilashi, inabin nan sak irin nasa. Ya gyara tsayuwa.

"Yauwa! Ku gaya mini ɗan Cainan da zai iya wannan."

Ni da ban iya kama bakina ba na duƙa na karanta rubutun da ke ƙasa.

"Kawu, wannan fa na Caina ne. Ga na Turkiyya a gefensa, kuma na Cainan ya girme shi."

Ya ce kuskure aka yi wajen manna takarda, ya kira ma'aikaciyar wurin ta zo ta gyara. Ta yi mana bayani a tsanake: sarakunan Turkiyya na da sun yi ta tara tangaran ɗin Caina, maginan tukwanensu suka riƙa kwaikwayon zanensa. Irin yumɓun Cainan ne ba su samu ba, sai suka niƙa farin dutse. Daga baya suka ƙara jan launi da furanninsu.

Matarsa ta yi ta tari cikin mayafi.

"To ai gyara musu suka yi," in ji Kawu. "Yalla, mu tafi."

Kwana uku bai amsa gaisuwata da kyau ba. Ranar Juma'a aka yi baƙi, ina kicin na jiyo shi yana cewa, "Mutane ba sa karatu. Nawa ne suka san daga Caina zanen nan ya samo asali?"