Akwatin Sanyin da Ya Kunyata Ni a Mai'adua

Na manta abubuwa da yawa, har shekaruna sai an tuna mini, amma ranar da soso ya kunyata ni a Mai'adua tana nan daram.

A lokacin gyaran firiji nake yi a Daura. Aji uku na yi a firamare, amma kowa Injiniya yake ce mini, ni kuwa ban taɓa musawa ba. Aikin da na fi taƙama da shi zuba soso ne: ruwa biyu ake haɗawa a zuba cikin bangon firiji, ya kumbura, ya daskare, ya riƙe sanyi. Gwangwanin madara ne ma'aunina.

Sai aka hana tsohon sinadarin da ke kumbura shi, wai iskarsa tana ɓata sararin samaniya. Mai sayar mini a Kano ya ce, "Baba, sabon nan da sikeli ake auna shi, kuma ba ya son rana." Na ce, "Ɗana, tun kana goye nake aikin nan."

Ina da amini, malamin dabbobi. Ya ce in haɗa masa akwatin da zai kai allurar rigakafin shanu ƙauyukan Mai'adua, don in ta ji zafi ta lalace. Na auna sabon sinadarin da gwangwanina da rana tsaka. Soso ya taso har yana tumbatsa, na kira maƙwabta su zo su ga gwaninta. Har bayan babur ɗinsa na hau, don kada yabo ya wuce ni.

Muka tarar Fulani sun tara shanu tun hantsi, wasu daga nesa. Aminina ya buɗe akwati, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi, kwalabe na iyo. Ya ari adda ya tsaga gefen akwatin. Ciki duk ramuka ne kamar gidan gara.

"Injiniya," in ji shi, "allura na ce maka, ko shayi?"

Haka shanu suka koma ba allura, sai bayan mako biyu aka sake tara su. Ni na bi ruga-ruga ina ba da haƙuri, suna ba ni nono suna dariya. Har aminina ya rasu, in ya hango ni sai ya ce, "Mai shayi, an dafa?" Allah Ya jiƙansa, yau nema nake a tsokane ni haka ban samu ba.

Ranar na gane cewa idan kayan aiki suka canza, dole hannu ya koma koyo, ko da mai koya maka sa'an ɗanka ne.