Ranar da Hajiya Ta Amsa Kirana

Juma'ar ƙarshe kafin azumin shekarar 2013, ina da shekara goma sha biyu, na bar ƙofar baranda a buɗe a gidanmu na unguwar Bin Mahmud a Doha, hawa na huɗu. Shanya Mama ta sa ni kwasowa, sai na jiyo 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Sudan suna tsallen igiya a bakin matakala, inda nan ne kaɗai filin wasanmu idan rana ta ɗaga. Na zube kayan a kan kujera, ina laluben takalmi, zafin waje kuwa ya shigo ya cinye sanyin falon. Daga kicin Mama ta ɗaga murya: "Hauwa! Wane irin kunnen ƙashi ne da ke? Zo nan kafin in zo in same ki!" Kafin in buɗe baki, kakata da ke zaune a kan darduma ta ajiye carbinta, ta ce a hankali, "Na'am. Ga ni nan tafe."

Sunanta ne Hauwa, ni na ci sunan. A Kano babu mai kirana sai da Ummi, balle surukar gida. Amma Mama Bayarabiya ce, 'yar Ibadan, Hausar ma a gidan aure ta koya. Da aikin injiniya ya kawo Baba Doha, makaranta Hauwa, asibiti Hauwa, har mai kantin da ke ƙasan gidanmu Hauwa yake cewa, sai bakinta ya bi. Da aka ce Hajiya za ta zo a yi mata aikin ido, mako guda Mama ta yi tana bita, tana wanke-wanke tana "Ummi, Ummi" ita kaɗai. Kwana huɗu kacal da saukar Hajiya, ƙofa ɗaya ta rushe komai.

Mama ta fito da ludayi a hannu, ta durƙusa har ƙasa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Ba komai, kowa da tarbiyyar garinsu." Shekara goma sha huɗu ke nan ana auren, ba ta taɓa kiran Mama da wani abu ba sai "matar Sani", idan kuma ta juya baya, "'yar Kudun nan".

Azumin ya yi mana tsawo. Hajiya ta kwance ƙullin kukarta da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce ita za ta riƙa kaɗa miyarta. Ni ce mai kai-kawo tsakanin tukwane biyu a kicin ɗin da ba ya ɗaukar mutum uku: in miƙa maburgi nan, in yanka albasa can, in sauka kanti a kawo mana robar ruwa. Gidan ya ishi Hajiya, ba tsakar gida, ba kaza, ba mai sallama. Takan tsaya a taga ta ce, "Mutane a jere kamar kwanuka a kabad." Baba ya dawo aiki a gajiye, ya ci tuwon uwarsa, ya ɗanɗana na matarsa, ya tafi tarawihi tun ba a kira ba. Mama kuwa kullum sai ta dama kunun gyaɗa ta ajiye gefen Hajiya, kullum ni ke ɗauke shi ya huce. Na sha ganin Mama bayan la'asar ta jingina da firji, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Na san laifina ne, amma ban san wa zan ba haƙuri ba.

Bayan Salla ranar ganin likita ta zo. Baba bai samu fita daga aiki ba, muka ɗauki tasi mu uku zuwa wani asibiti a Al-Sadd, Mama na riƙe da hannun Hajiya a kowace matakala. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta tambayi sunan mai jinya. Mama ta hau laluben katin Hajiya a jaka, ashe yana aljihun Baba. Layi ya taru a bayanmu, matar ta buga biro a tebur: "Yalla, madam, suna!" Mama ta waiwayo ni, goshinta duk gumi cikin wannan sanyi, ta ce, "Ummi, faɗa mata sunan Hajiya." Hajiya ba ta gani sosai, amma ta ji komai. Ta riƙe kafaɗata kada in yi magana, ta ce, "Faɗi mana, 'yata. Ai kin iya shi, ranar nan da ƙarfinki kika faɗa." Mama ta yi dariya, hawaye na zuba, amma ba ta faɗa ba. Biron matar ta karɓa ta rubuta.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Hajiya ba ta taɓa son miyar Mama mai yaji ba, sai dai ta fara shan kunun, kuma Mama kaɗai ta yarda ta ɗiga mata magani a ido. Shekara biyu bayan nan Allah Ya karɓi abarsa, Allah Ya jiƙanta.

Yanzu ina Kano a ɗakina, ga tsakar gida, ga kaji, ga masu sallama har su gajiyar da ni, duk abin da Hajiya ta rasa a can. 'Yata ta fari sunan Mama ta ci, ni ma ban iya kiransa. Idan Mama ta bugo waya, har yau "Ummi" take cewa, ko da yake mai sunan ta daɗe a ƙasa. Wani lokaci, idan aiki ya yi mini yawa, nakan so in sake jin ta ƙwala mini Hauwa daga kicin. Na san ba za ta yi ba. Da tsada ta samu wannan "'yata" ɗin daga bakin Hajiya.