Gefen Da Ya Yi Shiru

Ina cikin wasa aska a kasuwar Nasarawa Burkullu wani ɗan kabu-kabu ya tsaya kaina, ya ce Malam Isiyaku na asibitin Gummi ya rasu bayan jinyar kwana uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na naɗe zabirata, ban ƙara taɓa kan kowa ba ranar.

Ni wanzami ne, gado na yi. Wata damina na wayi gari bakina ya karkace zuwa dama, idon hagu ya ƙi rufuwa, in na kurɓi ruwa sai ya zubo. Wanzamin da ba ya iya zuƙar ƙaho kuwa, abincinsa ya ƙare. Na yi wa kaina abin da nake yi wa mutane, na sa aka tsattsaga kumatun dama. Ba sauƙi. Da kunya na je wurin Malam Isiyaku.

Bai yi mini dariya ba. Ya shafa tsagar, ya ce, "Sarkin Aska, gehen ga da kat tsaga lahiya lau ya ke. Wanda yay yi shiru, shi ad da ciwo."

Nan na gane shekara da shekaru lafiyayyen gefe nake yanka wa bayin Allah.

Yana da wata 'yar na'ura mai batir. Sai ya jiƙa auduga, ya manna wayoyi a kumatun hagu, naman ya riƙa motsi da kansa. Kullum sai ya fara gwadawa a hannunsa kafin ya ɗora wa mutum. Yakan ce, "Jijiya ba ta son gaggawa." Wata huɗu ina zuwa, har na sake riƙe ƙaho.

Da na faɗa masa waɗanda na cuta, bai yi faɗa ba, cewa ya yi in kawo su. Wasu sun samu sauƙi. Inna Hajo ta Adabka kuwa an makara wajen kai ta, har yau tana yawo da tabon askata.

Yanzu na'urar tana kulle, babu wanda ya iya ta. Shekaranjiya wani manomi ya kawo mini matarsa, fuska a karkace, yana roƙon in tsaga. Na ƙi, kuma na rasa inda zan tura su. Ina kallo suka nufi rumfar wani wanzamin.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya marayunsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Allah Ya yafe mana abin da hannayenmu suka yi cikin rashin sani. Amin.